Kafin a Raɗa wa Ƙaramar Halittar Teku Suna

A shekarar 2023 wasu masana, da jagorancin Gidan Tarihin Halittu na Landan, suka tattara bayanan dabbobin da aka taɓa ɗebowa daga yankin Clarion-Clipperton, wani shimfiɗeɗen ƙasan Tekun Fasifik tsakanin Hawayi da Meziko inda kamfanoni ke harin haƙar ma'adinai. Suka ƙirga nau'i 5,578. A cikinsu 436 ne kacal ke da sunan kimiyya. Sauran an gan su, an ɗauki hotonsu, wasu har an karanta DNA ɗinsu, wato sinadarin gadon da ke jikinsu, amma suna nan cikin kwalabe da lamba ko harafi a madadin suna. Kaso mai tsoka daga cikinsu ƙananan halittu ne masu ɓawo, dangin ƙaguwa da jatan lande.

Wannan giɓi yana nuna inda wahalar aikin take. Samo sabuwar halitta a teku abu ne mai sauƙi ga wanda yake da jirgi: ɗebo laka daga zurfin mita 4,000, da wuya a rasa wadda ba a taɓa bayyanawa ba. Abin da ke cin watanni, wani lokaci shekaru, shi ne a tabbatar cewa sabuwar ce, a bayyana ta yadda wani masani a wata ƙasa zai gane ta ba tare da ya tambayi kowa ba, sannan a ajiye shaidar da za a iya komawa gare ta bayan shekara ɗari.

Halittun da ake magana a kansu rukuni-rukuni ne. Akwai kofefod, masu jiki kamar ɗigon ruwa da dogayen eriya biyu. Akwai amfifod masu lanƙwasasshen jiki da ya matse ta gefe. Akwai aisofod masu faɗin baya, da ostirakod da ke ɓoye cikin ɓawo mai murfi biyu, da tanaid masu 'yan hannayen ƙaguwa. Kofefod da amfifod kowannensu ya haura nau'i 10,000 da aka riga aka bayyana. Mafi yawansu ba su wuce milimita ɗaya zuwa biyar ba, kuma waɗanda ke zaune tsakanin ƙwayoyin yashi ba su kai ƙwayar gero ba. Ƙasar Hausa ta san ɗan uwansu na ruwan daɗi ko da ba ta san sunansa ba: ɗan ƙwaron tafki da ke ɗauke da tsutsar kurkunu, wanda saboda shi aka riƙa raba matatar ruwa a ƙauyuka, kofefod ne. Shi ma labarinsa darasi ne. An daɗe ana kiran ire-irensa na Afirka da sunan wani nau'i na Turai, Mesocyclops leuckarti, har sai farkon shekarun 1980 da aka sake duba su da kyau aka ga nau'o'i ne daban-daban, kuma na Turan ba ya cikinsu. Ɗaya daga abubuwan da suka raba su shi ne jerin 'yan ƙayoyi a gindin eriya ta biyu, waɗanda sai an kai madubin maikiroskof ƙarshen ƙarfinsa ake ganinsu.

Aikin yana gyaruwa ko ya lalace tun a kan jirgi. Masu iyo a tsakiyar ruwa ana kama su da raga mai siffar mazurari, kuma wadda aka fi amfani da ita idonta maikiron 200 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Ƙananan kofefod irin su Oithona da Oncaea suna zurarewa ta wannan ido, shi ya sa aka daɗe ana raina yawansu. Mai nemansu sai ya sauko zuwa raga mai maikiron 63 ko ƙasa da haka. Na ƙasan teku ana ɗebo su da akwatin ƙarfe mai faɗin rabin mita kowane gefe wanda ke yanko laka da ruwan da ke samanta, ko da wani keken ja mai raga da ake jansa a kan laka, ko da tarko mai mushen kifi idan amfifod masu cin mushe ake so. Lakar zurfi ana tace ta a rariya mai maikiron 300. 'Yan mitsi-mitsin cikin yashi kuwa sai rariya mai maikiron 32 zuwa 63 ke tare su.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata samfuri a wannan mataki. Na farko zafi: ruwan ƙasan teku mai zurfi bai wuce digiri 1 zuwa 4 ba, ruwan sama a yankuna masu zafi kuwa ya haura 25, don haka idan aka wanke laka da ruwan sama, ko aka bar ta a rana a kan jirgi, DNA yana fara rugujewa nan da nan. Ana wankewa ne da ruwan teku da aka tace aka sanyaya. Na biyu ƙarfin ruwa: mai gaggawa da ya sakar wa rariya ruwan tiyo kai tsaye zai kakkarya ƙafafu da eriya, alhali su ne abin da za a duba.

Daga nan sai zaɓin ruwan adanawa, kuma babu wanda ya haɗa komai. Formalin mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari yana riƙe siffar jiki da kyau, amma yana ɗaure DNA ya kakkarya shi har karantawa ta yi wuya. Dole kuma a kashe tsaminsa da boras, in ba haka ba ya narkar da ɓawon ostirakod. Etanol mai ƙarfin kashi 96 yana adana DNA, amma yana busar da halittar ta yi gautsi, gashinta ya riƙa karyewa da an taɓa. Kuskuren da aka fi yi da shi shi ne a zuba sau ɗaya a rufe: ruwan da ke cikin laka da jikin dabbobin yana tsarma shi, saboda haka ana zubar da shi a sake sabo bayan kamar awa 24, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Masu lura suna raba abin da suka ɗebo gida biyu, rabi a formalin, rabi a etanol. Takardar bayani, mai ɗauke da wuri da zurfi da kwanan wata da kayan kamu, ana rubuta ta da fensir ko tawadar da etanol ba ya wankewa, a jefa ta cikin kwalbar, don wadda aka manna a waje tana ɓantarewa. Samfurin da ya rabu da takardarsa ya tashi daga aiki, komai kyansa.

A ɗakin bincike ana raba dabbobin da laka ta hanyar zuba wani ruwan silika mai kauri a juya a na'ura: laka ta nutse, dabbobin su taso. Ana maimaitawa kamar sau uku. Sai tsinta ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi, aikin da kan ɗauki watanni ga abin da aka ɗebo a tafiya guda.

Yanzu a ɗauka an ware wata kofefod mace, baliga, mai tsawon rabin milimita, wadda ba ta dace da ko ɗaya daga cikin sanannun nau'o'in gidanta ba (gida a nan shi ne rukunin nau'o'i makusanta masu sunan farko ɗaya). Kafin a taɓa ta da allura ana auna ta daga goshi zuwa ƙarshen rassan jela, a zana ta sukutum ta baya da ta gefe, domin da zarar an feɗe ta wannan siffa ta tafi ke nan. Ana sa ta a ɗigon giliserin a kan gilashi, a tokare murfin da 'yan ɓarɓashin gilashi don kada nauyinsa ya latse ta. Wadda aka latse takan yi faɗi, ma'aunin tsawo da faɗin gaɓoɓinta duk ya zama ƙarya. Idan naman ciki ya hana gani, ana jiƙa ta a asid ɗin laktik ya sa ta yi garau, amma idan ta daɗe a ciki sai ta yi laushi ta rasa siffa.

Allurar feɗewa ba a kasuwa ake sayenta ba. Siririyar wayar ƙarfen tangistin ce ake tsomawa a ruwan sinadari mai kaifi kamar na soda, a sakar mata ƙaramar wutar lantarki, bakin ya riƙa cinyewa har ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Da irin waɗannan allurai biyu ake fara cire bayan jiki, sai ƙafafun iyo ma'aurata huɗu, sai ƙafa ta biyar, sannan a shiga sassan baki, waɗanda ma'aurata huɗu ne a cunkushe wuri guda, wasunsu ba su kai maikiron 50 ba, a ƙare da eriya ta biyu da ta farko. Kowane sashe gilashinsa daban, da lambarsa, a rufe gefen murfin da jan farce marar launi don kada giliserin ya tsiyaye. Numfashi mai ƙarfi ko rawar hannu kaɗan ya isa ya sa muƙamuƙi ya manne a jikin allura ya ɓace. Idan halittar guda ɗaya ce tak aka samu, kamar yadda yakan faru a zurfin teku, wannan sashe ya tafi har abada, kuma bayanin nau'in zai fita da rami.

Abin da ake nema a sassan nan ƙirga ne. Kowace ƙafar iyo tana da reshe biyu, na waje da na ciki, kowane reshe gaɓa ɗaya zuwa uku, kowace gaɓa da adadin ƙayoyi da gashinta. Ana rubuta ƙaya da lambar Rumawa, gashi da lambar yau da kullum: idan aka ga I-1, gaɓar tana da ƙaya ɗaya a waje da gashi ɗaya a ciki. Jadawalin ƙafafu huɗun nan, tare da yawan gaɓoɓin eriya ta farko, da siffar ƙafa ta biyar, da tsarin al'aurar mace, da tsawon rassan jela idan aka gwada da faɗinsu, su ne ƙashin bayan bayanin. Gashi ɗaya da ya ragu a gaɓar ƙarshe ta ƙafa ta uku yana iya raba nau'i biyu. Shi ya sa gashin da ya karye yake da haɗari. Idan ya fita daga tushe yakan bar ɗan rami a ɓawo, kuma wanda bai nemi ramin ba zai rubuta huɗu a inda biyar ne, ya ƙirƙiro nau'in da babu shi. Maganin abin shi ne a duba ƙafar dama da ta hagu, a duba gaba da bayan kowace ƙafa, a kuma feɗe fiye da ɗaya in akwai, domin a cikin nau'i guda ma akan sami mai nakasa ko mai gashin da ya yi ƙari.

Har yau zane ne ke ɗauke da bayanin, ba hoto ba. A girman sau 1,000, da ɗigon mai tsakanin madubi da gilashi, hoto yana kama siririn sashe ɗaya ne kawai, sauran duk dishi-dishi. Mai zane yana amfani da wani bututu da ke haɗa masa hoton halittar da bakin fensirinsa a ido ɗaya, yana ɗaga madubi yana saukewa, yana haɗa abin da ya gani a matakai da yawa cikin zane guda. Zanen da Georg Ossian Sars na Norwe ya yi tun ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920 har gobe ana gane nau'i da su, alhali bayanan wasu tsararrakinsa masu layi biyar da ɗan zane ɗaya sun zama ciwon kai. Sababbin na'urori sun taimaka ƙwarai. Madubin leza, bayan an rina halittar da jan rini na Kongo, yana fitar da siffarta ta kowane ɓangare ba tare da an feɗe ta ba. Madubin lantarki yana nuna ramuka da ƙayoyin da haske ba ya kaiwa gare su, sai dai dole a busar da samfurin a shafe shi da zinare, don haka ba a yi wa tilon samfuri haka.

Tarko na gaba shi ne shekaru da jinsi. Kofefod tana yin saɓa sau da yawa kafin ta balaga: matakai shida tana jaririya mai siffa daban, sannan matakai biyar tana kama da babba, na shida shi ne balaga. Matakin da ke dab da balaga yana ruɗi, domin girman ya kusa kai wa, amma gaɓoɓin bayan jiki ba su cika ba, ƙafa ta biyar da al'aura ba su gama fita ba. Namiji kuma yakan bambanta da mace sosai, eriyarsa ta farko tana da gwiwa da yake riƙe mace da ita. A amfifod abin ya fi haka rikitarwa, don hannun namiji na biyu yana canza siffa yayin da yake girma. A gidan Jassa wasu mazan suna fitar da wani babban yatsa a saɓarsu ta ƙarshe, wasu ƙarami, kuma sai a 1990 aka warware cewa abin da ake ta kira Jassa falcata a tashoshin jiragen ruwan duniya nau'o'i ne da dama. Aisofod na dangin Gnathia sun fi kowa: namiji mai manyan muƙamuƙai, jariri kuwa mai shan jinin kifi, sun sha bamban har masanan farko suka sa su a gidaje biyu, Anceus da Praniza, kafin a gane a tsakiyar ƙarni na 19 cewa uba da ɗa ne. A wasu tanaid na zurfin teku balagaggen namiji ba ya cin abinci, bakinsa ya shafe, jikinsa ya koma na iyo, kuma sau da yawa DNA ne kaɗai ke nuna wace ce macensa.

Bayan an gama zane sai a koma ga magabata, kuma a nan ne aiki da yawa ke tsayawa. Dole a gwada halittar da kowane nau'i da aka taɓa bayyanawa a gidanta, har da sunayen da aka jingine a matsayin maimaici, a rubuce-rubucen Latin da Jamusanci da Faransanci da Rashanci. Wanda ke aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, alal misali, ba shi da makawa sai ya koma ga kofefod ɗin da Thomas Scott ya bayyana daga Mashigin Gini a 1894. Idan tsohon bayani bai ambaci sashen da ake gardama a kansa ba, sai a nemi aron ainihin samfurin daga gidan tarihin da yake. In ya ɓata ko ya bushe, sai a je wurin da aka fara kamo shi a ɗebo wasu, a sake bayyana tsohon nau'in daga tushe. Sau da yawa takardar da ke ɗauke da sabon nau'i ɗaya rabinta sake bayanin tsofaffi ne, kuma a ganinmu wannan rabin ya fi amfani.

Kada a ɗauka wannan matsala ta halittun da ba a damu da su ba ce. Calanus finmarchicus, mai tsawon milimita 2 zuwa 4, wanda masanin Norwe Gunnerus ya bayyana tun 1770, shi ne abincin da manyan kifayen Arewacin Atilantika ke dogaro da shi, kuma da wuya a sami kofefod ɗin da aka yi nazarinsa kamarsa. Yana da 'yan uwa biyu makusanta, Calanus helgolandicus na ruwa mai ɗumi da Calanus glacialis na yankin ƙanƙara, wanda sai a 1955 aka ware shi. Saboda feɗe dubban samfura ba zai yiwu ba, masu ƙirga sun saba raba finmarchicus da glacialis da tsawon jiki kawai: babba na ƙanƙara ne, ƙarami na Atilantika. Da aka gwada da DNA a mashigan ruwan Norwe a 'yan shekarun nan, sai aka ga tsawon nasu yana shiga juna, an daɗe ana lissafa glacialis da yawa a matsayin finmarchicus. Masu auna yadda ɗumamar teku ke tura nau'o'i arewa da irin waɗannan alƙaluma suke aiki.

DNA ya shigo aikin gadan-gadan bayan 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a riƙa gane dabbobi da wani guntun ƙwayar gado mai suna COI, mai haruffa kimanin 658. Amfaninsa a fili yake. Ya haɗa maza da matansu, jarirai da iyayensu, ya kuma tona nau'o'in da ke ɓoye a ƙarƙashin suna ɗaya. Eurytemora affinis na bakin koguna an ɗauka nau'i guda ne a Turai da Amurka. DNA ya nuna zuriyoyi ne da suka daɗe da rabuwa, aka koma madubi aka sami bambancin siffa, aka raɗa wa na gabashin Amurka Eurytemora carolleeae a 2011. Haka aka yi da Eurythenes gryllus, amfifod mai cin mushe da ake cewa yana ko'ina a zurfin tekunan duniya, wanda aka farfasa shi zuwa nau'o'i da dama a 2015. A wannan gida ne aka ƙara Eurythenes plasticus a 2020, daga Ramin Mariyana a zurfin da ya haura mita 6,000, bayan an sami zaren roba a hanjin ɗaya daga cikinsu.

Amma DNA ba alƙali ba ne, shaida ne, kuma yana da nasa kurakurai. Babu wani adadin bambanci da za a ce daga nan nau'i ya rabu. Mutane sun saba ambaton kashi 2 ko 3 cikin ɗari, amma Tigriopus californicus, kofefod na kududdufan duwatsun gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, al'ummominsa sun bambanta da kusan kashi 20 a wannan sashe kuma suna haihuwa da juna idan aka haɗa su, ko da yake jikokin sukan fito da rauni. Akwai kuma matattun kwafin COI da suka ƙaura daga ainihin mazauninsu zuwa cibiyar ƙwayar halitta, waɗanda suka yi yawa a dangin jatan lande. Idan na'ura ta karanto su sai a ga kamar sabon nau'i. Ana gane su ne idan aka fassara haruffan zuwa furotin aka ga alamar tsayawa a tsakiya ko harafi ya ɓace. Wani lokaci abin da aka karanta na abincin da ke hanji ne, ko na ƙwayar cutar da ke jikin halittar. Rumbunan bayanai na intanet kuma, irin su GenBank, suna ɗauke da jerin haruffa da yawa da aka sa wa sunan da ba nasu ba, don haka dacewa da abin da ke can ba hujja ba ce sai an san wanda ya tantance samfurin. Shi ya sa ake ƙara wasu sassan daga cibiyar ƙwayar, kamar 18S da 28S, a ga ko labarinsu ya zo ɗaya.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce DNA da zane su fito daga halitta guda. A amfifod ana cire ƙafa ɗaya a ba na'ura, sauran jiki ya zauna. A kofefod mai rabin milimita ana jiƙa ta gaba ɗaya a ruwan da ke narkar da nama, a tsamo ɓawon da ya rage, wanda ke ɗauke da duk ƙayoyi da gashin, a feɗe shi a zana. Wanda ya niƙa ɗaya don DNA ya zana wata da ya ga sun yi kama, alhali nau'i biyu masu kama da juna suna zaune a laka ɗaya, ya ɗaura suna a kan halittu biyu.

Raɗa sunan kansa yana da doka, wadda hukumar ƙasa da ƙasa ta sunayen dabbobi ke kula da ita. Lissafi yana farawa daga 1758, shekarar da masanin Suwidin Linnaeus ya daidaita tsarin suna mai kalma biyu ga dabbobi: sunan gida, sannan sunan nau'i, da haruffan Latin. Bugu na huɗu na dokar ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2000, kuma daga nan dole marubuci ya faɗa ƙarara cewa sabon suna yake kafawa, ya ba da siffofin da suka raba nau'in da sauran, ya ayyana samfurin da sunan ke rataye a kansa, ya kuma faɗi inda aka ajiye shi. Wannan samfuri, holotayif, ba lallai ne ya fi sauran kyau ko ya wakilci matsakaicinsu ba. Aikinsa ɗaya ne: duk ranar da aka gano cewa abin da ake kira da sunan nan nau'i biyu ne, sunan yana bin ɓangaren da holotayif yake. Sauran samfuran da aka yi bayanin da su ana kiransu faratayif. Tun gyaran 2012 an yarda da bugun intanet zalla, da sharaɗin a yi wa aikin rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi na hukumar, kafin ya fito kuma shaidar rajistar ta bayyana a cikinsa. Sunaye da dama sun faɗi a kan wannan sharaɗi, sai da aka sake buga su. Idan mutum biyu suka raɗa wa nau'i ɗaya suna, na farko ne ke tsayawa. Idan sunan gida ya riga ya hau kan wata dabba, ko da ƙwaro ne a tudu, sai a nemi wani.

Sanya nau'in a gidansa wani hukunci ne daban, kuma doka ba ta shiga ciki. Kama ta zahiri ba ta isa ba, don zama a yashi ko a jikin kifi yakan sa halittun da ba su da dangantaka su yi siffa ɗaya: siririn jiki, gajerun ƙafafu, ɓacewar gashi. Abin da ake nema shi ne sabuwar siffa da 'yan gida suka gada daga kaka ɗaya, a gwada da bishiyar dangantaka ta DNA. Idan halittar ba ta shiga kowane gida ba sai a kafa sabo, kamar yadda aka yi a 2024 da Dulcibella camanchaca, amfifod mafarauci mai kusan santimita 4 daga zurfin mita 7,902 a Ramin Atakama kusa da Chile. Kafa gida saboda nau'i ɗaya yana da sauƙi, kuma an yi shi fiye da kima a wasu dangogi. Gyara tsohon gida da ya cika da baƙi shi ne aikin da ake gudu. Duk waɗannan canje-canje ana bin sawunsu a rajistar nau'o'in teku ta duniya, WoRMS, wadda aka kafa a 2007 a Ostend ta Beljiyam, inda masana ke aikin tacewa, akasarinsu kyauta.

Wani nazari na 2012 ya gano cewa a matsakaici shekara 21 ke shiga tsakanin ɗebo samfuri da bayyana shi, idan aka haɗa dabbobi da tsirrai. Wannan jinkiri ya sa wasu ke cewa a taƙaita: jerin haruffan COI da hoto ɗaya sun isa suna. An gwada hakan a 2021 da ƙananan ƙwari dangin zanzaro sama da 400 daga Kosta Rika, aka yi ta muhawara. Damuwar masu wannan ra'ayi gaskiya ce, domin wuraren da halittun ke zaune suna canzawa da sauri fiye da yadda ake bayyana su. Amma ga ƙananan halittun teku ba mu ga hanyar ta ɓulle ba. Mafi yawan nau'o'in da aka riga aka sani ba a taɓa karanta DNA ɗinsu ba, kuma samfuransu na asali sun sha formalin, don haka sabon jerin haruffa ba ya nuna cewa nau'in sabo ne, yana iya zama tsoho da ba a taɓa karantawa ba. Inda za a iya rage lokaci shi ne a gajarta dogon rubutun da ke maimaita abin da zane ya nuna, a yi amfani da madubin leza wajen siffar jiki, a haɗa masana a wuri ɗaya su yi aiki kan tarin samfura tare, a kuma ɗauki masu wannan sana'a aiki na dindindin, domin horar da mai feɗe kofefod yana cin shekaru kuma a dangogi da yawa masanan da suka rage a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Bayan bugu, samfurin yana buƙatar mai kula. Etanol yana tsiyayewa ta murfin kwalba, sai an riƙa dubawa ana ƙarawa. Jan farcen da aka rufe gilashi da shi yana tsagewa da shekaru, iska ta shiga, sashen da ke ciki ya bushe ko ya gangara gefe. Gobarar da ta cinye Gidan Tarihin Ƙasa na Brazil a Riyo ranar 2 ga Satumba, 2018 ta tafi da ɗimbin samfuran asali, musamman na ƙwari. Doka ta ba da damar a naɗa wani samfuri a madadin wanda ya ɓata, amma sai da buƙata ta gaske, kuma a ɗebo shi kusa da wurin farko gwargwadon iko, abin da ke da tsada matuƙa idan wurin yana ƙarƙashin ruwan kilomita biyar. Saboda haka ake raba faratayif tsakanin gidajen tarihi biyu ko uku. Tun da Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta shafi haƙƙin ƙasashe a kan halittunsu, ta fara aiki a 2014, ɗebo samfuri a ruwan ƙasashe da yawa yana buƙatar izininsu a rubuce, wasunsu kuma suna sharɗanta a bar holotayif ko wani kaso na samfuran a gidan tarihinsu, a rubuta lambar izinin da lambar ajiyar a cikin takardar bayanin.